Awon Hannu Takwas

Ran Talata ta iso shagona a Fagge,
jan ɗigo a goshi, takarda a hannu.
Ta ce, "Tasi'u, ga awo, ga jan siliki,
ka bi bakinsa da zare mai ruwan gwal."
Na duba awon, na ce, "Madam Fadmini,
'yar nan taki ko yaye ba ta kai ba,
amma faɗin kafaɗa sai ka ce ɗan dambe."
Ta yi dariya har da dafe kekena.
"Kai dai ɗinka. Juma'a ka kawo mini Bompai."

Kwana uku yadin yana zame mini,
santsi kamar tarwaɗa a kwano.

Juma'a, bayan La'asar, na hau adaidaita,
muka wuce masaƙar da ta daina numfashi,
ciyawa ta cinye mata ƙofa.
A baƙin get wani Buzu na fifita gawayin shayi,
ya nuna mini lungu da haɓa.

Takalma na fara gani, jere a bakin ɗaki,
ƙafa goma sha ɗaya, na ƙirga.
Nawa ma suka zame da kansu, don sabo.
Sai ƙamshin kafur da fasasshiyar kwakwa,
sai ƙararrawa ƙarama, mai muryar cokali a kofi.

Na leƙa.
Ga mai rigar can a zaune bisa zaki,
ido buɗe, ba ƙiftawa,
hannu takwas: wannan takobi, wancan fure,
ɗaya kuma ba komai, tafi kawai a buɗe.
Gabana ya faɗi. A'uzu ta zo bakin harshe,
na riƙe ta a ciki, don gidan mutane ne.
Ƙafata ta tsaya a dokin ƙofa,
ba wanda ya ce mini in ƙara taku.

Madam ta karɓi ƙunshin da hannu biyu.
"Durga sunanta," in ji ta a hankali.
"Uwata ke yi mata sutura a garinmu.
Shekara ashirin da shida ina Kano,
mun fi ɗari a ɗakin nan da can,
yau ga takalman, ka gani."
Ban san me ake cewa ba a nan,
sai na ce, "Allah ya ji ƙan mahaifa."
Ta ce amin, da Hausar 'yan Kwari.

Aka ja labule, aka buɗe,
jan silikina ya kama hasken fitilu.
Suna rera abin da ban ji ba,
wata tsohuwa na kuka ba sauti,
ni kuwa idon tela bai san biki ba:
wajen hannu na uku ya tattare.
Na yi wa Madam alama. Bayan an watse
ta cire, ta fito mini da shi baranda.
Allurata na nan cikin hula.
Na farke, na saki rabin inci.

Ta miƙo alawar madara a takarda.
Ta ga na yi jim, ta ce, "Ci abinka,
wannan tun a kicin na ware,
ba ta je gabanta ba."
Na ci. Ta fi tamu zaƙi, da ɗan yaji a ƙarshe.

Ladan ya ɗaga murya daga bayan katanga.
Buzu ya matsa mini a tabarmarsa,
muka yi Magariba, ni da shi,
ƙamshin kafur bai bar rigata ba.

Kuɗin ɗinkin suna cikin gwangwanin maɓallai.
Na ce zan tambayi Malam Habu hukuncinsu.
Jiya mun haɗu a bakin masallaci,
muka yi zancen tsadar zare,
muka rabu.